Daga Sararin Samaniya Zuwa Kasuwar Diffa: Yadda Iskar Rufaffen Ɗaki Ke Taɓa Lissafin Ɗan Kasuwa

Duk wanda ya san garin Diffa da ƙauyukan da ke bakin kogin Komadugu a watannin Disamba da Janairu, ya san yadda hunturu ke kaɗawa da ƙura da sanyi mai ratsa ƙashi. Da zarar dare ya yi sai kowa ya shige ɗaki ya ja ƙofa, a toshe taga da tsumma ko kwali, a wasu gidajen ma har a shigo da kaskon gawayi domin yara su ji ɗumi. Gari na wayewa sai uwargida ta tashi kanta ya yi mata nauyi, jiki a mace, kamar wadda ba ta runtsa ba. Ta isa rumfa a haka, mai saye ya miƙo naira alhali da sefa ta saro kayan, ta tsaya tana juya lissafin da a kullum take yinsa cikin ƙiftawar ido, wani lokaci ma har ta ba da canji fiye da yadda ya kamata. Abin da akan ce shi ne mura ce ke tafe, ko kuma zazzaɓi. To amma akwai wani abin da ba a cika kawo shi a rai ba, wato iskar da aka kwana ana shaƙa.

Abin mamaki shi ne, wannan matsala ta rufaffen ɗaki ita ce ta daɗe tana hana manyan masana kimiyya na duniya barci, ba don komai ba sai don 'yan sama jannatin da suke aikawa sararin samaniya. Binciken da suka kashe maƙudan kuɗi a kansa kuwa, yana da darasin da zai amfani mai sayar da tattasai da mai bandar kifi da mai tireda.

Wace iska ce wannan?

Duk lokacin da mutum ya ja numfashi, jikinsa yana ɗaukar iskar oksijin wadda ita ce ke riƙe da rai, sannan ya fitar da wata iska da masana ke kira kabon-dayoksaid, wadda a nan za mu riƙa kiranta iskar kabon. Ba ta da launi, kuma hanci ba ya jin ta. Baligi guda yakan fitar da kimanin kilo 1 na wannan iska a kwana ɗaya.

Domin a fahimci awonta, mai karatu ya ɗauka iskar da ke kewaye da shi ƙwayoyin gero ce guda 10,000 a cikin ƙwarya. A fili, kamar a bakin Komadugu, ƙwaya 4 ce kacal daga ciki iskar kabon. A numfashin da ya fito daga bakin mutum kuwa, takan kai kimanin 400. Ke nan idan mutum shida ko bakwai suka kwana a ɗaki ɗaya aka toshe ko'ina, adadin zai yi ta hawa har gari ya waye. A ƙasashe da dama doka ta tsayar da 50 a matsayin iyakar da ma'aikaci zai yi awa 8 a cikinta, idan kuwa ta kai 400 a wurin da mutum yake zaune, to rai na cikin haɗari.

Ɗakin da ba a buɗe wa taga

Tun watan Nuwamba na shekarar 2000 ba a taɓa rasa mutane a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ba. Tashar tana shawagi a nisan kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa, wato bai kai tafiyar mota daga Diffa zuwa Damagaram ba, sai dai ita tana kewaya duniya ne cikin kimanin minti 90. Waɗanda ke ciki ba su da halin buɗe taga su sha iska, domin a wajen babu iskar ma gaba ɗaya. Injuna ne ke tace musu iskar kabon, kuma duk da ƙoƙarin injunan, adadinta a cikin tashar yakan ninka na doron ƙasa kusan sau goma.

Bayan wannan ga matsala ta biyu, wato rashin nauyi. A nan ƙasa, numfashi mai ɗumi yakan tashi sama da kansa, sabuwar iska ta maye gurbinsa. A can kuwa babu sama babu ƙasa, saboda haka numfashin da ɗan sama jannati ya fitar yakan taru a gaban fuskarsa ya sake shaƙarsa, musamman idan yana barci. Dalili ke nan da ya sa fankoki ba sa tsayawa a tashar dare da rana. Haka kuma jini da ruwan jiki da a ƙasa nauyi ke janyo su zuwa ƙafafu, a can sai su hau zuwa ƙirji da kai, fuska ta kumbura, hanci ya toshe, ƙafafu su sirance.

'Yan sama jannati da dama sun yi ta kukan ciwon kai da kasala da wani irin dushewar tunani. A shekarar 2014 likitocin hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, suka wallafa wani nazari da ya nuna cewa yawan ƙorafin ciwon kai a tashar yana ƙaruwa a lokutan da iskar kabon ta hau. Scott Kelly, Ba'amurken da ya shafe kwana 340 a tashar daga watan Maris na 2015 zuwa Maris na 2016, yana cikin waɗanda suka fi fitowa fili suka koka a kan wannan iska.

Dattawa kuma za su iya tuna kumbon Afolo, wanda har ciwon idon nan da ya ɓarke a Afirka ta Yamma a 1969 ya samo suna daga gare shi. A watan Afrilu na 1970, tankin oksijin na kumbon Afolo 13 ya fashe a kan hanyar zuwa duniyar wata, lamarin da ya tilasta wa Jim Lovell da Jack Swigert da Fred Haise fakewa a wani ɗan ƙaramin sashe da aka tanada domin mutum biyu. Iskar kabon ta riƙa taruwa har fitilar gargaɗi ta kama. Da leda da kwali da salatif suka haɗa wata dabara da injiniyoyi suka koya musu ta rediyo, suka tace iskar, suka dawo gida da ransu.

Kwana 30 a kwance, kai a ƙasa

Tambayar da masana suka so amsawa ita ce: shin wanne ne ke rage kaifin tunani, hawan jini zuwa kai ne, ko iskar kabon, ko kuma haɗuwarsu? Tun da aika mutum sama abu ne mai ɗan karen tsada, sai suka ƙirƙiro hanyar kwaikwayon rashin nauyi a nan ƙasa. Ana kwantar da mutum a kan gadon da aka karkata da digiri 6, ta yadda ƙafafunsa za su fi kansa tudu da kimanin santimita 20. A haka zai ci abinci, a haka zai yi wanka, a haka zai biya buƙatarsa, ba tashi ba zama.

A shekarar 2017, a cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus da ke birnin Kolon, tare da haɗin gwiwar NASA, an kwantar da mutum 11, maza 6 da mata 5, har tsawon kwana 30 ba tare da matashin kai ba. Bugu da ƙari aka ɗaga iskar kabon ta ɗakunansu zuwa kimanin 50 cikin 10,000, kwatankwacin abin da akan samu a tashar sama. Kafin su kwanta, da lokacin da suke kwance, da kuma bayan sun tashi, an yi ta ba su jarrabawa iri 10 a kwamfuta, waɗanda Farfesa Mathias Basner na Jami'ar Pennsylvania da abokan aikinsa suka tsara domin 'yan sama jannati. Jarrabawar ta ƙunshi tuna siffofi, da haɗa lamba da alama, da saurin mayar da martani, da gane yanayin fuskar mutum, da auna kasada.

Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa lallai saurin tunanin mutanen ya ɗan ragu, musamman saurin da hannu ke bin umarnin ido. Raguwar ta bayyana tun a kwanakin farko, kuma ba ta ƙaru ba, ba ta kuma ragu ba har ƙarshen watan. To amma da aka gwada su da wasu mutum 8 da suka yi irin wannan kwanciya a cikin iska ta yau da kullum, sai aka ga duk kanwar ja ce. Ma'ana, kwanciyar da kai a ƙasa ce ta kawo nawar, ƙarin iskar kabon bai ƙara ta'azzara ta ba. Bayan kwana 15 da tashi kuwa, ƙoƙarinsu ya koma daidai da yadda yake tun farko. Sai dai binciken ya gano wani abin daban, domin mutum 5 daga cikin 11 ɗin sun sami kumburi a bakin jijiyar gani da ke cikin ido, irin wanda ake samu a wasu 'yan sama jannati.

A shekarar 2019 an sake wani gwajin a wannan cibiya da mutum 24 na tsawon kwana 60. A nan ne aka lura da wani abu da ɗan kasuwa zai fi kowa fahimtar muhimmancinsa: yayin da kwanaki ke tafiya, mutanen sun riƙa ɗaukar lokaci mai tsawo kafin su karanci fuskar da aka nuna musu, kuma sun fi karkata ga cewa mai fuskar fushi yake yi. Duk wadda ta taɓa yin ciniki ta san cewa rabin kasuwa karatun fuska ne. Yanzu a ƙaddara mutum huɗu a kumbo guda a kan hanyar duniyar Mars, tafiyar da zuwa da dawowa za ta haura shekara biyu, kowa yana ganin ɗan'uwansa kamar fushi yake yi da shi.

Masana ba su gama daddalewa ba

A nan doron ƙasa ma an yi gwaje-gwaje, kuma bakin masana bai zo ɗaya ba. A 2012, a wata cibiyar bincike da ke Berkeley a Amurka, an zaunar da mutum 22 na tsawon awa biyu da rabi a ɗakin da iskar kabon take 6, sannan 10, sannan 25 cikin 10,000. Da ta kai 10 ƙoƙarinsu wajen yanke shawara ya ɗan ragu, da ta kai 25 kuwa ya faɗi sosai. Wani binciken Jami'ar Harvard da aka yi da ma'aikatan ofis 24 ya samu sakamako makamancin wannan. To sai dai da aka yi irin wannan gwaji da sojojin ruwan Amurka 36 masu aiki a jirgin ƙarƙashin teku, aka wallafa a 2018, ba a ga wani bambanci ba ko da iskar ta kai 150.

Wasu masana a ƙasar Denmark sun kawo bayanin da zai iya sasanta wannan saɓani. Sun lura cewa idan tsantsar iskar kabon aka hura a ɗaki mai tsabta, tasirinta kaɗan ne, amma idan numfashin mutane ne ya taru saboda rashin mashigar iska, tare da zufa da warin jiki da ɗumi, sai ciwon kai da gyangyaɗi su bayyana. A wani binciken da suka wallafa a 2016 a kan ɗalibai masu kwana a makaranta, sun gano cewa idan aka rage iskar kabon ta ɗakin barci daga kimanin 24 zuwa kimanin 8, ɗaliban sun fi samun barci mai daɗi, kuma sun fi ƙoƙari a jarrabawar tunani washegari. A taƙaice dai, ko ita kanta iskar kabon ce ko abokan tafiyarta, rufaffen ɗaki mai cunkoso ba ya barin kai ya huta.

Darasi daga buhun wake

'Yan kasuwar hatsi sun riga sun san wannan ilimi a aikace. Buhun nan mai gida uku na adana wake, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masana na Afirka, ciki har da na cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da ke Maraɗi, aka kuma fara yaɗa shi tun 2007, ba shi da wani magani a cikinsa. Ana ɗaure bakinsa ne tamau, ƙwarin da ke ciki su shanye oksijin, iskar kabon ta taru, su daina ci su daina haihuwa, daga bisani su mutu. Ɗakin kwana ba ya rufuwa kamar wannan buhu, amma shagon kwantena da aka kulle ta ciki, ko ɗakin siminti mai rufin kwano da aka toshe tagoginsa, ko motar haya da aka ɗaga gilasanta duka, sun kama hanyar zama haka.

Wannan batu ya fi shafar Diffa a yau fiye da shekarun baya. Tun bayan harin da 'yan Boko Haram suka kai garuruwan Bosso da Diffa a ranar 6 ga Fabrairu, 2015, da dokar ta-ɓaci da ta biyo baya, mutane sama da 200,000 da suka rasa matsugunansu suka fake a cikin jihar, da yawansu a gidajen 'yan'uwa da abokan arziki. Ɗakin da a da mutum uku ke kwana, sai ga shi yana ɗaukar ninki biyu ko uku. Haka kuma takunkumin da aka taɓa sanya wa cinikin tattasai da na kifi ya karya jarin mutane da dama, ta yadda wanda ya farfaɗo ba shi da sararin yin asarar ko da dala guda saboda kuskuren lissafi.

Wadda ta fi kisa

Wajibi ne a bambanta iskar kabon ta numfashi da wata 'yar'uwarta mai suna kabon-monoksaid, wadda ke fitowa daga gawayi da itace da janareta da salansar mota. Wannan guba ce tsagwaronta. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana maƙale wa jini fiye da oksijin sau sama da 200. Kuskuren da mata da yawa ke yi shi ne zaton cewa idan gawayi ya ruru ya yi ja ya daina hayaƙi, to babu sauran illa. Gaskiyar magana ita ce, garwashi yana ci gaba da fitar da wannan guba har ya mutu. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da rikicewar tunani, mai barci kuwa yana iya zarcewa ba tare da ya farka ba. An sha samun labarin iyalan da suka kwanta da janareta a kunne a cikin gida a Nijeriya, aka wayi gari babu ko ɗaya. Mata masu juna biyu da jarirai da tsofaffi su ne suka fi saurin galabaita.

Ita ma iskar kabon ta numfashi idan ta yi yawan gaske tana kisa, kuma da yake ta fi iskar gari nauyi, takan kwanta ne a wurare masu zurfi kamar rijiya da rami da masai. A daren 21 ga Agusta, 1986, tafkin Nyos da ke ƙasar Kamaru ya amayar da wannan iska, ta gangara cikin kwari ta hallaka mutum 1,746 da dabbobi kimanin 3,500. Masu haƙar rijiya sun daɗe da sanin dabarar zura fitila kafin su shiga, idan ta mutu su fasa. Sai dai ko fitila ba ta mutu ba, wannan bai tabbatar da cewa iskar lafiya lau take ba.

Abin da ya kamata a yi

Maganin wannan matsala ba ya buƙatar ko sisi. Komai tsananin hunturu, a bar wata kafa a sama da wata a ƙasa, ko a ɓangarori biyu na ɗaki, domin iska ta shiga ta fita. A ƙara bargo maimakon a toshe taga. Kaskon gawayi kuwa kada ya kwana a ɗaki, ko da garwashin ya lafa. Janareta a ajiye shi a fili, nesa da ƙofa da taga da aƙalla mita 6, ba a zaure ba, ba a cikin shago ba. Masu suya da masu bandar kifi su yi aikinsu inda iska ke ratsawa, kuma kada a goya jariri a tsaya da shi a kan hayaƙi. Direban da ya ɗauko fasinjoji daga Diffa zuwa Maine-Soroa ko Damagaram ya riƙa sauke gilashi lokaci-lokaci, domin gyangyaɗin direba ba ƙaramin abu ba ne.

Idan aka ga mutanen ɗaki guda sun tashi da ciwon kai a lokaci ɗaya, kuma suka ji sauƙi bayan sun fito waje, to a zargi iska kafin a zargi sauro. Wanda aka tarar a sume, a buɗe ƙofa da taga, a fito da shi fili, a garzaya da shi asibiti inda za a sa masa oksijin. Madara ko manja ba sa karya wannan guba, kuma ɗura wa sumamme wani abu a baki na iya shaƙe shi. Idan mutum ya faɗi a cikin rijiya ko rami, kada wani ya bi shi haka kawai, domin sau da yawa mai ceton shi ne gawa ta biyu.

Ga 'yan kasuwa kuma, babban lissafi irin na bashi da adashi da sarin buhunan tattasai, ya fi kyau a yi shi a bakin rumfa inda iska ke kaɗawa, ba a ƙuryar shago bayan an ja ƙyaure ba. Waɗanda ke can sama suna kashe biliyoyin daloli domin samun abin da mai rumfa a kasuwar Diffa ke samu kyauta da zarar ta ɗaga labule. Hausawa dai na cewa, in kunne ya ji, jiki ya tsira.